Ramukan kan sukuru a silin jifsam: a cike su, ko a fara neman dalili?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin silin, domin akwai abin da ya hana ni sukuni a gidan da muka tare watanni huɗu da suka wuce a nan Kaduna. An ɗaura mana silin na allon jifsam a falo da ɗakuna uku cikin watan Satumba, ruwa bai gama ɗaukewa ba, aka shafe shi aka yi masa farin fenti, kuma ranar da aka miƙa mini makulli babu wanda zai ɗaga kai ya ce akwai sukuru ko guda a jikinsa. Tun da hunturu ya kankama sai na fara ganin ƙananan ramuka, kamar an danna babban yatsa a jikin kwaɓin fulawa, sun jeru a layi daga wannan bango zuwa wancan. Da rana tsaka ba su cika fitowa ba, amma da la'asar, idan hasken tagar yamma ya kwanta a jikin silin, sai mutum ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kuma jiya na ƙirga 43 a falo kaɗai. Wasu kuma ba rami suka yi ba, ƙullutu suka yi, har fentin ya tsage a kewaye da su kamar zobe.

Na kira wanda ya ɗaura allon, ya ce laifin mai fenti ne da bai shafe wurin da kyau ba. Na kira mai fenti, ya ce shi abin da ya tarar ya shafa, amma idan na sayi fila, wato kwaɓin da ake cike rami da shi kafin fenti, da galan ɗaya na fenti zai rufe su cikin wuni guda. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, saboda a ƙarƙashin silin nan yarana suke kwana. Shin in bari a cike, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Kada ka sayi fila tukuna. Ka samu tsani mai ƙarfi, wani ya riƙe maka, ka hau ka ɗora tafin hannunka kusa da ɗaya daga cikin ramukan, ka tura allon sama a hankali kana kallon ramin. Idan allon ya motsa, ko ka ji yana taɓa katako da ɗan ƙara, ko ka ga ramin ya cike ya koma ƙullutu, to allon ya rabu da katakon da ke riƙe da shi, kuma duk filar da aka shafa a wurin za ta sake tsagewa. Idan kuwa ka tura ka ji shi daram kamar bango, aikin mai fenti ne kawai. Ka yi haka a wurare goma ko fiye, a falo da kowane ɗaki, sannan ka gaya mana abubuwa biyu: da katako aka yi firam ɗin ko da ƙarfe, kuma kaurin allon nawa ne.

Mai POP:
Da an tambaye mu tun farko da ba a kai ga wannan ba. Silin POP na zubi, wato na farar hodar filasta da ake kwaɓawa a zuba, ba shi da sukuru, balle wani kai ya lotsa ko ya ɓullo. Allon jifsam takarda ce sama da ƙasa, kuma ni ban yarda ya dace da ƙasar da ake wata biyar ana ruwa sannan a shiga iskar da ke tsaga leɓe ba. Shawarata ita ce a kwaɓa hodar POP da kauri a toshe ramukan, tana kamawa cikin 'yan mintoci kuma ba ta tsukewa.

Mai Jifsam:
Ɗan'uwa Mai POP, ina girmama sana'arka, amma kowane silin da irin cutarsa, kuma mun sha ganin na zubi ya tsage ko ya saki idan igiyoyin da suka rataye shi ba su kama ba. Allon jifsam yana zaune lafiya a ƙasashen da suka fi mu sauyin yanayi. Abin da ke ba mu matsala a nan shi ne yadda ake ɗaure shi.

Baban Ummi, bari in yi maka bayanin yadda sukurun nan ke riƙe allo, domin a nan ne yawancin ramukan ke samo asali. Cikin allon gari ne na jifsam da aka daskarar, ba shi da ƙarfin riƙe komai shi kaɗai. Takardar da ke lulluɓe da shi ita ce ƙarfinsa. Shi ya sa aka ƙera kan sukurun jifsam da siffar bakin kakaki, don ya danna takardar ya lotsa ta kaɗan ba tare da ya yanka ta ba. Daidai ɗaurin shi ne kan ya nutse ƙasa da fuskar allo da abin da bai kai milimita 1 ba, yadda idan ka goga sikirefa, wato faffaɗan ƙarfen shafa fila, a kai ba za ka ji ƙarar ƙarfe ba, amma takardar tana nan lafiya. Yaran da ke yi mana aiki sukan riƙe injin ɗaurewa mai gudu, babu bakin nan mai zobe da ke tsayar da sukuru idan ya kai zurfinsa, sai kan ya fasa takardar ya shige cikin gari. Ranar ba za a ga komai ba, domin fila ta rufe. Amma falle ɗaya mai kaurin milimita 12, mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 2.4, ya haura kilo 20, kuma wannan nauyin yana rataye dare da rana a kan waɗannan kawunan. Duk wanda ya fasa takarda ba ya riƙe komai, allon yana sauka a hankali, sukurun yana nan a inda yake, sai filar da ke manne da kansa ta bi shi ciki. Wannan shi ne ramin da ya fi ba ni tsoro.

Akwai kuma rami marar haɗari. Filar bokiti, wadda ake sayarwa a kwaɓe, bushewa take yi ta hanyar fitar ruwa, kuma idan ruwa ya fita dole ta tsuke. Ƙa'ida ita ce a shafa wa kan sukuru sau uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Mai gaggawa yakan yi sau ɗaya ya bi da fenti, bayan 'yan makonni wurin ya lotsa. Da ido ba za ka bambance su ba, sai da gwajin da Baba ya faɗa maka.

Injiniyan Gini:
Na yarda da duk abin da Mai Jifsam ya faɗa, sai dai watannin da Baban Ummi ya ambata sun ja hankalina zuwa wani wuri. An ɗaura silin a Satumba, matsala ta fito da hunturu. Idan firam ɗin na katako ne, ina kyautata zaton katakon ne ya bushe.

Yawancin katakon da muke aiki da shi a Arewa daga Kudu ake kawo shi, sau da yawa ba a daɗe da tsaga shi ba, kuma a ƙarshen damina babu yadda za a yi ya bushe a fili. Itace ba ya fara tsukewa sai danshin cikinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100, daga nan kuma duk saukar da danshin ya yi sai jikinsa ya ragu, a kauri da faɗi, amma a tsawo kusan babu abin da ke canjawa. Ƙiyasin da ake amfani da shi a aikin gini shi ne raguwar kashi 1 cikin 100 a kan kowane kashi 4 na danshi da ya fita. Ka ɗauki katakon tu-bai-tu mai kaurin milimita 50 da aka kafa yana da danshi kashi 25, hunturu da zafin kwano suka sauke shi zuwa kashi 9: ya rasa kusan milimita 2 ke nan. Ƙarfen sukuru kuwa ba ya tsukewa. Tsininsa yana can cikin katako a inda aka bar shi, fuskar katakon ta ja baya ta yi sama, sai a sami ɗan sarari tsakanin allo da katako. Daga nan allon ya zama yana lilo a kan sukuru. Idan nauyinsa ya ja shi ƙasa a ga rami, idan aka buga ƙofa da ƙarfi ko iska ta shiga ƙarƙashin kwano ta tsotse shi sama, kan sukurun ya turo filar waje a ga ƙullutu. Shi ya sa Baban Ummi yake ganin iri biyu a ɗaki ɗaya, alhali tushensu guda ne.

Wani abin da mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun gani shi ne, dogon sukuru ya fi gajere jawo wannan matsala, domin gwargwadon zurfin da ya shiga, gwargwadon yawan itacen da zai tsuke tsakanin tsininsa da allo. Ga allo mai milimita 12 a kan katako, sukuru mai milimita 32 ya wadatar, tun da abin da ake bukata shi ne ya shiga itace da aƙalla milimita 16. Kuma mai manyan zare ake sa wa katako, mai ƙananan zare na firam ɗin ƙarfe ne. Idan aka sa mai ƙananan zare a katako mai laushi, riƙonsa ba ya kai na ɗan'uwansa.

Maman Sadik:
Sallama gare ku daga Kanada. Ina bin muhawarar nan da sha'awa domin a nan kusan kowane gida da wannan allon ake yin bango da silin, a kan firam na katako, kuma abin da Injiniya ya bayyana shi ne muke gani, sai dai mu na'urar ɗumama gida ce ke busar da katakon a lokacin sanyi. Abu ne sananne har magina kan ce wa mai sabon gida ya bari gidan ya shekara, ya ga sanyi ɗaya da zafi ɗaya, kafin a zo a gyara kawunan sukurun gaba ɗaya. A gidanmu akwai wani ƙarin abu: duk lokacin sanyi sai silin bene na sama ya ɗaga daga bangon tsakiya har a ga tsaga a kusurwa, da bazara kuma ya koma ya rufe. An bayyana mana cewa katakon ƙasa na gadon rufin yana binne cikin audugar hana sanyi, ya bushe ya tsuke, na sama kuma yana cikin sanyi da laima, sai gadon ya gantsare ya ja silin sama. Maganin da aka yi shi ne cire sukuran da ke kusa da bangon, aka bar kusan santimita 40 babu ɗauri don allon ya riƙa lanƙwasa. Ko wannan zai iya zama abin da ke damun Baban Ummi?

Injiniyan Gini:
Hajiya, bayanin da aka yi muku daidai ne, amma ba na jin shi ne a nan. Wancan yana bukatar rufi mai kaurin abin hana sanyi da babban bambancin yanayi tsakanin sama da ƙasan gadon, kuma alamarsa tsaga ce a kusurwar bango. Na Baban Ummi a tsakiyar ɗaki suke, a layi. Abin da za mu ɗauka daga wurinku shi ne maganar lokaci, kuma za mu dawo kanta.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin yau da safe, ni da ƙanena, kuma na ɗauki tocila na kwantar da haskenta a jikin silin don in ga ramukan sosai, ina zagaye kowanne da fensir. Ga abin da na samu.

A ɗakunan yara biyu allon bai motsa ba ko kaɗan, ramukan kuma ba su da zurfi, babu tsaga a fentin. A falo kuwa kusan duk inda na tura sai ya ɗaga, ina jin yana bugun katako, har garin fila ya zubo mini a fuska a wuri biyu. Na kankare guda uku da wuƙa don in ga kan sukurun: biyu sun shige cikin garin allon, takardar ta yage a kewaye da su, na ukun kuma da na sa sukundireba sai ya yi ta juyawa bai kama komai ba, na zare shi da yatsa. Ƙanena ya leƙa ta ƙofar silin ya ce firam ɗin katako ne, tu-bai-tu, tazarar da ke tsakaninsu santimita 60, kuma ya ga sukurori da dama sun fito a gefen katako suna tsaye a iska. Ragowar allon da aka bari a sito na auna, milimita 9 ne.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗakinmu, ta gefen banɗaki. A can ramukan guda shida ne kawai, amma kowanne yana da ɗigon ja kamar tsatsa a tsakiya, kuma da na danna sai na ji wurin da laushi, yatsana ya bar shaida.

Baba Kafinta:
To, ka ga amfanin hawa tsani. Cuta uku ce a gida ɗaya, kuma da ka bi ta mai fenti da an rufe maka su duka da magani ɗaya. Ka fara da ɗakinku, kuma ka janye gado daga ƙarƙashin wurin yau ɗin nan. Baƙin sukurun jifsam ba ya tsatsa a busasshen wuri, jan ɗigon nan ruwa ne ya kawo shi. Tun da yanzu ba damina ba ce kuma wurin yana da laushi har yau, ka fi zargin bututun da ya taso daga tanki zuwa banɗaki, ko na hitar ruwa, kafin ka zargi kwano. A kira mai famfo ya shiga da fitila ya bi bututun da hannu. Wanda zai shiga ya taka manyan katakon rufi kawai, kada ya kuskura ya ɗora ƙafa a kan allo ko tu-bai-tu, kuma a kashe wutar gidan daga babban makunni tun da wayoyi a can suke kwance. Yana ciki ya duba ko gara ta hau katakon, domin inda laima take nan take zuwa.

Jifsam da ya sha ruwa har ya yi laushi ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Yanke shi ake yi murabba'i, daga tsakiyar katako zuwa tsakiyar katako, a sa sabo.

Mai Jifsam:
Maganar Baba ita ce. Game da falo kuma, allo mai milimita 9 a kan tazarar santimita 60 kuskure ne tun daga tushe. Irin wannan siririn allo bai kamata tazarar katakonsa ta wuce santimita 40 ba, ko mai milimita 12 ma santimita 60 ita ce iyakarsa, kuma ni a kan 40 nake sa shi idan mai gida ya yarda da kuɗin katako. Baban Ummi, ka samu dogon katako miƙaƙƙe ko ƙarfen alminiyam na mita 2 ka kara a silin, a gicciye da layukan sukuru. Idan ka ga allon ya yi ciki tsakanin layi da layi, to sai an ƙara katako a tsakiya daga sama, busasshe, a kafe shi da firam, sannan a tallafo allon da gwafa mai faffaɗan kai a ɗaure shi a sabon katakon. Idan cikin ya yi yawa har allon ya saba da lanƙwasar, ba ya miƙewa, sai sauyi.

Yadda ake gyaran kowane rami kuwa ga shi. Mutum ɗaya ya tura allon sama da ƙarfi har ya manne da katako, domin idan ba a tura ba sabon sukurun ma zai fasa takarda yana ƙoƙarin jawo allon. Sai a ɗaura sabon sukuru santimita 4 zuwa 5 daga tsohon, a kan layin katakon, idan wurin ya lalace sosai a sa biyu, ɗaya ta kowane gefe. A tabbata ya kama itace. Za ka ji injin ya yi nauyi a ƙarshe. Maganaɗisu ƙarami yana taimakawa wajen gano tsofaffin da fila ta rufe, amma tun da an ga wasu sun kauce wa katako, gara a ja zare daga bango zuwa bango bisa tsakiyar katakon da aka tabbatar daga sama. Tazarar sukuru da sukuru a silin kada ta wuce santimita 30, kuma kada a matsa bakin allo da ƙasa da santimita 1, don bakin yana farfashewa. Bayan haka sai a zare tsohon, a kankare duk abin da ya saki, a danna yagaggiyar takardar ciki da gindin sikirefa don kada gashinta ya tsaya a cikin fila.

Baba Kafinta:
A nan na ɗan saɓa da kai, ɗana. Ba kowane tsohon sukuru ake zarewa ba. Wanda ya yi ƙullutu amma takardarsa ba ta yage ba kuma yana cikin katako, idan an tura allon sama sai a ƙara masa rabin juyi ya koma mazauninsa, ya ci gaba da aiki tare da sabon. Zare shi ƙarin rami ne a allon da ya riga ya raunana. Wanda ya kauce wa katako da wanda ya fasa takarda su ne ba su da amfani.

Mai Jifsam:
Na karɓi gyara, Baba. Abin da ya sa na saba zarewa shi ne na sha komawa aiki na tarar wanda aka bari ne ya sake ɓullowa, amma idan na tuna, yawancinsu masu juyawa a banza ne da yara suka ƙara nutsar da su maimakon su cire. Sukundireba ta hannu ce za ta raba gardama: wanda ya ciza a bar shi, wanda ya yi ta juyawa a fitar da shi.

Mai POP:
Har yanzu ba a amsa mini maganar hoda ba. Kun ce filar bokiti tana tsukewa, ni kuma na ce POP ba ta tsukewa. Me zai hana a yi amfani da ita?

Mai Fenti:
Ni zan amsa maka, domin mu ne muke shan wahalar abin da aka bari. Gaskiyarka, POP ba ta tsukewa, tun da kamawa take yi da ruwan da aka kwaɓa ta da shi, ba jiran ya fita take yi ba. A ramin da aka zare sukuru, mai zurfi, ba laifi a fara toshewa da ita, ko da filar buhu wadda ita ma kamawa take yi kuma an rubuta mintocinta a jiki, 20 ko 45 ko 90. Sharaɗin shi ne a bar ta ƙasa da fuskar allo kaɗan. Idan ta yi tudu, ta fi takardar da ke kewaye da ita tauri, mai samfefa zai cinye takardar kafin ya cinye tudun, sai a sami tabo mai gashi wanda babu fentin da ke ɓoye shi. Shafi na biyu da na uku da filar bokiti ake yi, sirara, kowanne ya fi na baya faɗi, har ya kai kamar tafin hannu, sannan a bi da samfefa mai laushi, lamba 150 ko sama, ana haska tocila daga gefe. A sa takunkumi, ƙurar tana da yawa.

Sannan ina roƙon Baban Ummi kada ya yarda a tsallake fentin shimfiɗa, wanda muke kira firama. Fila tana shan fenti fiye da takarda, idan aka shafa fenti kai tsaye, kowane wurin gyara zai fito dishi-dishi da la'asar ko da ya yi sumul, har mutum ya rantse rami ne alhali hannu ba ya jin komai. Ina ma zargin wasu daga cikin na ɗakin yara irin wannan ne. A wurin da tsatsa ta taɓa kuma firama mai mai ake sawa, domin jan yana ratso fentin ruwa ko an yi shafi biyar. A ƙarshe a yi wa silin ɗakin fenti gaba ɗaya daga bango zuwa bango. Farin da ya yi wata huɗu yana shan ƙurar hunturu ba zai yi daidai da sabo ba.

Abu Hanifa:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Gidan haya nake, tsohon gini, silin ɗinmu irin falle-fallen nan ne masu murabba'i da aka kafe da ƙusa, kuma kawunan ƙusoshin sun fito. Zan iya bin wannan hanyar?

Injiniyan Gini:
A'a, Malam, ka dakata. Da yawa daga cikin tsofaffin falle-fallen nan na asbesto ne, kuma ƙurarsa idan ta shiga huhu tana jawo cuta mai tsanani bayan shekaru masu yawa. Kada ka goga masa samfefa, kada ka huda shi da inji, kada ka fasa shi. Ka sanar da mai gidan a nemo wanda ya san yadda ake aiki da shi.

Baban Ummi, saura maganar lokaci da na ce za mu dawo kanta. Yoyon ruwa da allon da ya yi laushi ba sa jira, haka ma ƙara katako da sake ɗaure falo, tun da allon yana rataye ne a kan sukuran da ba su da riƙo. Waɗannan a yi su cikin makon nan. Amma shafin ƙarshe da fenti, da ni ne sai in bari zuwa ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da katakon ya kai iyakar bushewarsa. Abin da aka ɗaure a kan busasshen katako, idan damina ta zo itacen ya ɗan kumbura, ƙara matsewa yake yi. Katakon da za a ƙara kuma kada a ɗauko shi daga kasuwa a kafa a ranar. A nemi wanda ya daɗe a rumfa, a jera shi a inuwa da tazara tsakaninsa iska tana ratsawa, a zaɓi waɗanda ba su murɗe ba.

Mai Jifsam:
Ni da zan so a yi shafin farko nan take bayan ɗauri, Injiniya, don kada kawunan su zauna a buɗe iyali suna kallonsu wata biyu. Idan wani ya motsa kafin Maris, filar za ta nuna shi da tsaga, sai a san inda za a koma.

Injiniyan Gini:
Wannan ya fi nawa. A yi shafin farko ya zama shaida.

Baban Ummi:
'Yan'uwa, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Mai famfo ya sami yoyon a gwiwar bututun da ke sauka banɗaki, gam ɗin bai kama ba, yana ɗiga a hankali a kan katako ruwan yana bin jikinsa zuwa ɗakinmu. An sauya gwiwar, mun bar ƙofar silin a buɗe kwana huɗu, sannan aka yanke allon da ya lalace, kusan rabin falle, aka sa sabo. Bayan allon da aka cire ya yi baƙi da fumfuna, ban taɓa zaton haka daga kallon ɗigo shida ba. Gara ba ta hau ba, alhamdu lillahi.

A falo mun kara ƙarfen alminiyam kamar yadda Mai Jifsam ya ce, cikin da allon ya yi bai kai kaurin fensir ba, don haka ba a sauya ko falle ɗaya ba. Na zaunar da wanda ya yi aikin na nuna masa sukuran da ke tsaye a iska da idonsa, ya amince zai yi gyaran ba tare da kuɗin hannu ba, ni kuma na sayi katako da sukuru da bakin inji mai zobe. An ƙara layin katako a tsakanin kowane biyu, an ja zare, ƙanena yana tura allon da gwafa shi yana ɗaurewa, ni ina bin bayansu da sukundireba ina gwada tsofaffin. Mun zare 61 waɗanda ba su riƙe komai ba. Yanzu duk inda na tura a falo daram yake, kuma ƙarar da silin ke yi idan an rufe ƙofar waje, wadda na ɗauka haka kowane silin yake yi, ta ɗauke.

An yi shafin farko jiya. Ɗakunan yara ban taɓa su ba, sai Maris za a haɗa su da falo a yi shafi biyu da suka rage da firama da fenti. Mai Fenti, akwai ragowar filar bokiti kusan rabi. Idan na rufe ta da kyau za ta kai lokacin, ko in bayar da ita in sayi sabuwa?

Mai Fenti:
Za ta kai. Ka kankare wadda ta manne a gefen bokitin ka zubar, don idan ta bushe ta faɗa ciki za ta riƙa jan layi a shafinka. Ka daidaita saman, ka zuba ruwa mai tsabta kaɗan ya rufe shi, ka danne murfin sosai ka ajiye a inuwa. Ranar aiki ka tsiyaye ruwan ka juya ta da kyau, idan kuma ka buɗe ka ji tana wari ko ka ga baƙin ɗigo a kai, kada ka shafa ta a silin.